Cutar ALS da Aljihun Gwamnati: Tambayoyi da Amsoshi kan Wayar da Kai da Bincike

Mutane da yawa sun fara jin sunan ALS ne a 2014, lokacin da shahararrun mutane suka riƙa sheƙa wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara a ka suna ɗorawa a intanet. Wasu kuma ta hanyar masanin kimiyyar nan Stephen Hawking suka san ta. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi wani ɓangare ne da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato abin da gwamnatoci suka yi, da abin da suka yi alkawari, da tazarar da ke tsakanin biyun.

Da farko dai, mece ce ALS?

Cuta ce da ke kashe ƙwayoyin jijiyar da ke ɗaukar umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsokoki. Idan umarni ya daina zuwa, tsoka sai ta yi rauni, ta tsotse, daga ƙarshe ta daina aiki. Wani a hannu take fara masa, ya ga maɓallin riga yana gagararsa. Wani a ƙafa, ya riƙa tuntuɓe ba dalili. Wani kuma a harshe da maƙogwaro, magana ta fara sarƙewa, haɗiya ta yi wuya. Duk inda ta fara, yaɗuwa take yi, kuma yawanci gazawar tsokokin numfashi ce ke zama ajali.

Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a ƙarni na 19, shi ya sa har yanzu Faransawa ke kiranta da sunansa. A Amurka ana ce mata cutar Lou Gehrig, wani ɗan wasan besbol da aka gano tana jikinsa a 1939, ya rasu a 1941. A Birtaniya da Ostareliya kuwa an fi jin sunan MND, wanda ya haɗa ALS da 'yan uwanta na kusa.

Yawancin masu ita suna rasuwa ne cikin shekara biyu zuwa biyar bayan alamomi sun bayyana. Kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke kai shekara goma. Hawking, wanda aka gano tasa a 1963 yana ɗan shekara 21 kuma ya rayu har 2018, ba ma'auni ba ne ko kaɗan. Riƙe wannan lissafin na shekara biyu zuwa biyar, domin kusan duk wata amsa a wannan shafi a kansa take tafiya.

Ita ce shanyewar ɓarin jiki? Ko shan inna?

A'a. Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa saboda jini ya toshe ko ya tsinke a ƙwaƙwalwa, kuma mutum na iya samun sauƙi. Shan inna ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tana da rigakafi. ALS a hankali take shigowa, ba ta komawa baya, ba a ɗaukarta daga wani, ba ta da rigakafi. Gani da ji da jin taɓawa yawanci suna nan daram. Akwai dai kaso na masu ita da tunaninsu ko halayyarsu ke canzawa.

Cutar da ba ta kama mutane da yawa, me ya sa gwamnati za ta kashe mata kuɗi?

Wannan ita ce tambayar da ma'aikatun kuɗi ke yi, ko da ba su furta ba, kuma ba tambayar banza ba ce. A Turai ana samun kusan mutum biyu cikin dubu 100 da ke kamuwa da ita a shekara. A Birtaniya masu ita ba su cika wuce 5,000 a lokaci guda ba, a Amurka kuma ana ƙiyasta wajen 30,000. Idan aka jera wannan kusa da ciwon suga ko hawan jini, sai a ga kamar ba komai ba ne.

Amma lissafin yana da ruɗi. Adadin masu ita a raye yana da ƙanƙanta ne domin tana kashe su da wuri. Idan aka duba tsawon rayuwar mutum gaba ɗaya, yiwuwar kamuwa da ita ta kai wajen ɗaya cikin 300 zuwa 400. Wato ba baƙuwar cuta ba ce kamar yadda ake zato. Masu ita ne ba sa daɗewa balle su taru su yi yawa.

Sai kuma batun kasuwa. Kamfanin magani yana zuba kuɗi ne inda yake ganin za su dawo. Cutar da ba a gama gane musabbabinta ba, masu ita 'yan kaɗan ne, kuma gwaje-gwaje da dama a kanta sun wargaje, ba inda ɗan kasuwa ke rububin zuwa ba ne. Binciken tushe, irin wanda ake shafe shekara goma ana yi ba tare da an fitar da ko ƙwaya ɗaya ta sayarwa ba, ba mai ɗaukar nauyinsa sai baitulmali da gidauniyoyi. Kuma abin da aka gano a nan ba a nan yake tsayawa ba. Furotin ɗin TDP-43, wanda aka gano a 2006 cewa yana taruwa a ƙwayoyin jijiyar mafi yawan masu ALS, ana samunsa a wani nau'in ciwon mantuwa ma. Kuɗin da aka kashe wa cuta ɗaya sai ya haska wata.

Wane irin tallafi ake nufi idan an ce gwamnati ta tallafa?

Kalmar tana ɗauke da abubuwa daban-daban, kuma 'yan siyasa sun iya cakuɗa su. Akwai sanarwar ware rana ko wata don wayar da kai. Akwai kuɗin bincike. Akwai ƙidayar masu cutar. Akwai dokokin amincewa da magani. Akwai kuma kula da majinyacin da ke kwance yau, wanda binciken da ake yi ba lallai ya riske shi ba. Na farkon shi ne mafi arha, shi ya sa ya fi yawa.

To ware wata ko rana yana da wani amfani kuwa?

Yana da shi, amma kada a kai shi inda bai kai ba. A Amurka watan Mayu ne watan wayar da kai kan ALS, a Kanada watan Yuni, sannan ƙungiyoyin masu cutar a faɗin duniya suna tunawa da ita ranar 21 ga Yuni. Ana haska gine-gine, 'yan majalisa su yi jawabi, a ɗauki hoto.

Inda wayar da kai ke da ainihin amfani shi ne wajen gano cutar da wuri. Daga ranar da mutum ya fara jin alamun zuwa ranar da za a faɗa masa sunan abin da ke damunsa, yawanci ana cin kusan shekara guda, har a ƙasashen da ke da wadatar likitoci. Babu wani gwajin jini guda da ke tabbatar da ita. Sai likitan jijiyoyi ya duba, a auna aikin tsoka da na'ura, a kawar da sauran cututtukan da ke kama da ita. Kafin nan mutum ya zaga wajen likitan ƙashi, ya je wajen na maƙogwaro, wani ma har a yi masa tiyatar baya da ba ya buƙata. Ga wanda ke da shekara uku, shekara guda ta tafi a yawon neman suna. Kuma gwaje-gwajen magani da dama ba sa karɓar wanda cutarsa ta daɗe, don haka jinkirin yana rufe masa wannan ƙofar ma.

Saboda haka wayar da kan da ta fi biyan kuɗin sabulu ita ce wadda aka nufi ƙananan likitoci da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi da ita, su san cewa rauni marar zafi da ke ƙaruwa, ko maganar da ke lalacewa a hankali, abin turawa gaba ne da gaggawa. Wannan aikin ba ya fitowa a talabijin. Haska gini kuwa yana fitowa.

Bokitin ƙanƙara na 2014 fa, ba gwamnati ce ta shirya shi ba?

Ko alama. Jama'a ne suka yi abinsu, kuma wasu matasa biyu masu cutar, Pete Frates da Pat Quinn, su ne suka fi yayata shi. Frates ya rasu a 2019, Quinn a 2020. Cikin 'yan makonni ƙungiyar ALS ta Amurka ta tara dala miliyan 115. Tsohon shugaba George W. Bush ya yarda an sheƙa masa ruwan. Barack Obama, da ke kan mulki a lokacin, ya ce shi dai zai ba da kuɗi.

Wani ɓangare na kuɗin ya shiga aikin haɗin gwiwar ƙasashe mai suna Project MinE, wanda a 2016 ya taimaka wajen danganta ƙwayar gado ta NEK1 da cutar. A Kanada an yi wata dabara mai kyau: gidauniyar Brain Canada, da kuɗin gwamnatin tarayya, ta ɗora dala miliyan 10 na Kanada a kan miliyan 10 da aka ware wa bincike daga abin da jama'a suka tara. Kowace dala ta zama biyu.

Sai dai irin wannan wutar kara ce. An yi ƙoƙarin maimaitawa a shekarun da suka biyo baya, bai kama kamar na farko ba. Idan aka kwatanta, hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, zuwa 2020 tana kashe sama da dala miliyan 100 a kan ALS a kowace shekara. Abin da jama'a suka tara sau ɗaya har duniya ta ɗauka, gwamnati na iya fitar da kwatankwacinsa duk shekara ba tare da kowa ya jiƙa kansa ba. Ɗakin bincike kuma da irin wannan kuɗin mai ɗorewa yake iya ɗaukar ma'aikaci ya riƙe shi.

Me kuɗin gwamnati ya taɓa ganowa a zahiri?

Misali mafi ƙarfi shi ne na ƙwayoyin gado. Kusan kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu ALS gadonta suka yi. Sauran ba a san daga inda ta faɗo musu ba. A 1993 aka gano ƙwayar gado ta farko mai alaƙa da ita, SOD1. A 2011 tawagogi biyu, ɗaya ƙarƙashin Bryan Traynor a NIH, ɗaya kuma ƙarƙashin Rosa Rademakers a asibitin Mayo, suka gano matsalar ƙwayar gado ta C9orf72, wadda ita ce mafi yawan sanadin gado a tsakanin mutanen da asalinsu Turai ne.

Ga abin lura: daga gano SOD1 a 1993 zuwa amincewa da maganin da aka ƙera dominta, wato tofersen, a watan Afrilun 2023, shekara 30 cif. Babu gwamnatin da ta fara wannan tafiya ta ga ƙarshenta tana kan kujera. Shi ya sa kuɗin bincike ke da wuyar karewa a lokacin kasafi: wanda ya shuka ba shi ke girbi ba. Shi kansa tofersen ɗin, wanda ake yin allurarsa ta gadon baya, kusan kashi 2 cikin ɗari na masu cutar kawai yake yi wa aiki.

Me ya sa ake ta maganar rajista? Rubuta sunaye magani ne?

Ba magani ba ne, amma babu abin da ke tafiya ba tare da ita ba. Gwamnatin da ba ta san yawan masu cutar ba, ba ta san nas nawa za ta ɗauka ba, ba ta san ko cutar tana ƙaruwa ba, ba ta kuma iya gane ko wani yanki ko wata sana'a ta fi fama da ita. An taɓa ganin irin wannan taruwa a tsibirin Guam da yankin Kii na Japan, inda aka samu cuta mai kama da ALS da yawan gaske a tsakiyar ƙarni na 20.

Scotland ta fara rajistarta tun 1989, Ireland a 1995. Amurka sai a 2008 aka sa hannu kan dokar kafa tata, aka buɗe ta a 2010 ƙarƙashin wani reshe na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC. Ta Amurkan tana da rauni guda: a mafi yawan jihohi doka ba ta tilasta wa likita ya kai rahoton ALS ba. Don haka ana tsinto sunaye ne daga bayanan inshorar gwamnati da na tsofaffin sojoji, sai kuma waɗanda suka shiga intanet suka rubuta kansu. Wanda bai faɗa cikin waɗannan ba, yana iya sulalewa.

Rajistar Ireland ta nuna amfanin abin ƙarara. Daga bayananta ne aka gano, a wani bincike na 2003, cewa majinyatan da ke zuwa asibiti guda mai haɗa ƙwararru daban-daban sun fi sauran daɗewa da wajen wata bakwai. Ba sabon magani aka ba su ba. Tsari kawai aka gyara.

Ina ruwan ma'aikatar tsaro da wannan cuta?

Bincike a Amurka ya nuna cewa waɗanda suka yi aikin soja sun fi sauran jama'a yiwuwar kamuwa da ALS, kuma har yanzu ba a tantance dalili ba. Saboda haka tun 2007 ma'aikatar tsaron ƙasar take da nata shirin binciken cutar, wanda ya fara da dala miliyan 5, ya kai miliyan 40 a 2021. A 2008 kuma ma'aikatar tsofaffin sojoji ta yanke cewa duk wanda ya yi aƙalla kwana 90 a jere a bakin aiki sannan ya kamu da ALS, za a ɗauka aikin ne sanadi, ba sai ya kawo hujja ba. Hikimar a fili take: kafin ya gama tattara hujja, lokacinsa ya ƙare.

Waɗanne magunguna ake da su yanzu?

Kaɗan ne, kuma babu mai warkarwa. Riluzole, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995, yana ƙara wajen wata biyu zuwa uku a matsakaicin lissafi. Edaravone ya samu amincewa a Japan a 2015, a Amurka a 2017, amma kamfaninsa ya janye takardar neman izini a Tarayyar Turai a 2019. Sai tofersen da aka ambata. Na'urar taimaka wa numfashi ta hanci da baki, da bututun ciyarwa, da kulawar ƙwararru a wuri guda, sau da yawa sun fi ƙwayoyin nan tasiri a rayuwar majinyaci.

Idan mutane na mutuwa, me ya hana hukuma ta saki magani da wuri?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma duk wanda ya ce amsar mai sauƙi ce bai bi labarin Relyvrio ba.

An gwada maganin a kan mutum 137, sakamakon ya nuna kamar yana rage saurin cutar. A watan Maris na 2022 kwamitin ƙwararrun da ke ba hukumar magunguna ta Amurka, FDA, shawara ya ƙi shi da ƙuri'a 6 da 4, yana cewa hujjar ba ta isa ba. Majinyata da iyalansu suka tashi tsaye. Hujjarsu ita ce: ku da kuke cewa a jira babban gwaji, shekara biyu ba komai ba ne a wajenku, mu kuwa ita ce sauran rayuwarmu, ku bar mu mu ɗauki kasadar. Aka sake zama a watan Satumba, ƙuri'a ta juya 7 da 2, aka amince da maganin. Kuɗinsa ya kai wajen dala 158,000 a shekara.

A watan Maris na 2024 sakamakon babban gwajin, mai mutum 664, ya fito: maganin bai fi wanda ba komai a cikinsa ba. Kamfanin ya janye shi daga kasuwa, kamar yadda shugabanninsa suka yi alkawari tun a gaban kwamitin.

Wa ke da gaskiya? Masu cewa a jira sun ga abin da suka faɗa. Masu cewa a saki ma ba su yi wauta ba, domin da maganin ya yi aiki, jinkirin da ya ci rayuka. A ganina darasin ba wai a riƙa buɗe ƙofa ko a riƙa rufewa ba ne. Darasin shi ne a sa gwaji ya yi sauri, kuma wannan aikin kuɗi ne da tsari. Gwaji irin na HEALEY a Boston da MND-SMART a Edinburgh, waɗanda duk suka fara a 2020, suna gwada magunguna da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, a yar da wanda ya gaza a ɗauko wani ba tare da an sake gini daga tushe ba.

Mece ce dokar ACT for ALS?

Doka ce da shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ranar 23 ga Disamban 2021. Ta ba da izinin kashe dala miliyan 100 a shekara daga 2022 zuwa 2026. Babban abin da ta kawo shi ne biyan kuɗin ba wa majinyatan da ba su cancanci shiga gwaji ba damar samun magungunan da ake kan gwadawa, tare da tattara bayanan abin da ya same su. Brian Wallach, lauya mai cutar wanda ya taɓa aiki a fadar White House, shi da matarsa Sandra Abrevaya suna cikin waɗanda suka fi bin ofisoshin 'yan majalisa a kanta.

A kula da kalmar "izini". A tsarin Amurka, dokar da ta ba da izinin kashe kuɗi daban, dokar da ke fitar da kuɗin daban, kuma ta biyun duk shekara ake sake yaƙinta.

Idan gwamnati ta sanar da kuɗi, an gama ke nan?

Ina fa. A watan Nuwamban 2021 gwamnatin Birtaniya ta yi alkawarin fam miliyan 50 cikin shekara biyar don binciken MND, bayan matsin lambar majinyata da ƙungiyoyi da fitattun 'yan wasan rugby masu cutar irin su Doddie Weir da Rob Burrow. Shekara ta zagayo masu bincike na kukan cewa kuɗin bai iso hannunsu ba, ya maƙale a cike-ciken takardu. Weir ya rasu a watan Nuwamban 2022. A watan da ya biyo baya gwamnati ta sanar da sakin fam miliyan 29.5 kai tsaye ga cibiyoyin bincike. Burrow ya rasu a watan Yunin 2024.

A Sifaniya ma haka. A watan Fabrairun 2024 tsohon mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa Juan Carlos Unzué, wanda ke fama da cutar, ya je majalisar dokoki tare da sauran majinyata, ya duba zauren ya ce 'yan majalisa biyar kacal ya ƙirga. Maganar ta yi musu zafi. Zuwa watan Oktoba an zartar da dokar kula da masu ALS ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Amma sai da aka yi kusan wata shekarar iyalai na tambayar ina kuɗin aiwatarwa.

Ga yawancin lamuran gwamnati, jinkirin shekara guda abin gunaguni ne. A nan kuwa wani kaso na waɗanda suka yi fafutukar dokar ba sa ganin ranar da za ta fara aiki.

Bincike ko kula da majinyaci, wanne ya kamata a fara sa wa kuɗi?

Ana yawan jera su kamar kishiyoyi, alhali ba daga aljihu ɗaya suke fita ba, kuma ba mutum ɗaya suke yi wa aiki ba. Bincike na wanda zai kamu nan gaba ne. Kulawa ta wanda ke kan keken guragu yau ce, da matarsa ko mijinta da suka bar aiki suka koma jinya dare da rana.

Wasu daga cikin matakan da suka fi taɓa rayuwar mutane ba su da alaƙa da ɗakin bincike. A Amurka nakasasshe kan jira wata 24 kafin inshorar lafiya ta Medicare ta ɗauke shi. Tun 2001 aka cire wa masu ALS wannan jiran. Akwai kuma jiran wata biyar kafin a fara biyan kuɗin nakasa, shi ma aka cire a watan Disamban 2020. Dokar Steve Gleason ta 2015, mai sunan wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka da ke da cutar, ta kare haƙƙin samun na'urar da ke yi wa mutum magana, wadda wasu da ido kawai suke sarrafa ta.

A Scotland wani matashi, Gordon Aikman, da aka gano cutarsa a 2014 yana ɗan shekara 29, ya lura cewa ma'aikatan jinyar da ke kula da masu MND 'yan tsiraru ne, kuma da kuɗin sadaka ake biyan da yawansu. Ya nemi abu takamaimai: a ninka su, a biya su daga asusun gwamnati. A watan Janairun 2015 Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Scotland a lokacin, ta amince. Ya rasu a 2017 yana da shekara 31. Abin da ya sa ya yi nasara, a nawa ganin, shi ne bai ce a tausaya ba. Ya kawo buƙata mai adadi, wadda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba.

Akwai wata hanya da gwamnati ke taimakawa ba tare da ta fitar da kuɗi kai tsaye ba?

Akwai. Dokar Amurka ta 1983 kan magungunan cututtukan da ba su yawaita ba tana ba kamfani rangwamen haraji da shekara bakwai shi kaɗai a kasuwa, idan masu cutar ba su kai 200,000 ba. Tarayyar Turai ta yi makamanciyarta a 2000, da shekara goma. Dabarar ta jawo kamfanoni, ta kuma jawo tsadar magani.

Ƙasashen da ba su da ƙarfin bincike fa, me ya rage musu?

Ba kowace ƙasa ce za ta gano ƙwayar gado ba, kuma ba laifi ba ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ƙwararrun jijiyoyi ba su wuce 0.1 ga kowane mutum dubu 100 ba, a masu arziki kuwa sun haura bakwai. Inda lamarin yake haka, ƙarancin masu ALS a takarda ba ya nufin ƙarancinsu a gidaje. Ba a gano su ba ne kawai.

A watan Mayun 2022 ƙasashen hukumar suka amince da wani shirin shekara goma, 2022 zuwa 2031, kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Abin da ke hannun kowace gwamnati ƙarƙashinsa ba ya buƙatar ɗakin bincike na zamani: horar da likitoci su gane cutar, fara rajista ko a manyan asibitoci ne, sa riluzole cikin magungunan da ake samu tunda yanzu kamfanoni da yawa na yin sa, da samar da na'urar numfashi. Kimiyyar ma tana da buƙata a nan, domin mafi yawan abin da aka sani game da gadon cutar daga jinin Turawa aka samo shi. C9orf72 da ta yi yawa a Turai ba ta da yawa haka a gabashin Asiya, kuma akwai al'ummomi da dama da ba a ma duba ba.

Ta yaya zan gane ko sanarwar da gwamnati ta yi ta gaske ce?

Ka tambayi ko sabon kuɗi ne ko tsohon da aka sake wa suna. Ka tambayi shekara nawa za a raba shi, domin miliyan 50 cikin shekara biyar miliyan 10 ne a shekara. Ka duba ko an ware shi wa wannan cutar ce, ko an zuba shi a babban kwandon cututtukan ƙwaƙwalwa inda masu binciken ALS za su yi gogayya da kowa. Sannan ka nemi sanin wa zai fito ya faɗi nawa aka kashe, kuma a wace rana.

Su masu cutar, ana jin ta bakinsu wajen yanke shawara?

Fiye da da, amma cutar kanta tana yaƙi da hakan. Tana ɗauke murya, tana ɗauke ƙafar zuwa taro, kuma mai fafutuka yakan rasu daidai lokacin da ya fara sanin kan majalisa, sai wani sabo ya faro daga farko. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka daɗe yawanci zawarawa da marayu da 'yan uwan mamata ne ke riƙe da su.

A Japan an ga wani abu dabam. A watan Yulin 2019 aka zaɓi Yasuhiko Funago, wanda ALS ta shanye masa jiki har yana numfashi da na'ura, zuwa majalisar dattawan ƙasar. Dole aka cire kujeru aka gyara zauren domin kekensa ya samu wuri, aka kuma sassauta ƙa'ida domin mai taimaka masa ya shiga tare da shi, ya karanta abin da ya rubuta, ya kaɗa ƙuri'a a madadinsa.